Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Fayafayan Punk Da Aka Yar Suka Koma Dukiya

Ran 10 ga watan Maris na shekarar 1977 aka kafa wani ɗan tebur a bakin titi, daura da Fadar Buckingham, gidan Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci a birnin Landan. Waɗansu samari huɗu masu yagaggun tufafi da birkitaccen gashi suka sauko daga mota, suka sa hannu a takardar yarjejeniya da kamfanin faifai na A&M, 'yan jarida kuwa suna ta ɗaukar hoto. Sunan ƙungiyar samarin nan Sex Pistols. Kwana shida rak bayan haka kamfanin ya ga ba zai iya da su ba, domin sun yi ɓarna a ofishinsa, sun kuma ta da faɗa a wani gidan rawa. Sai ya sallame su, sa'an nan ya ba da umurni a lalatar da faifai 25,000 na waƙarsu mai suna God Save the Queen, waɗanda an riga an buga ana shirin kai su kasuwa.

Umurnin nan bai cika duka ba. 'Yan kaɗan daga cikin fayafayan sun tsira a hannun ma'aikata, kuma a 'yan shekarun nan an sha sayar da guda ɗaya tak a gwanjo a kan kuɗi fiye da fam 10,000, alhali kuwa a zamaninsa ɗan ƙaramin faifai irin wannan bai kai fam ɗaya ba. To, saurayin da ke son ya ji waƙar da allura a kan garmaho, kamar yadda iyayensa suka ji ta, ina zai samo wannan kuɗi? Amsar wannan tambaya ita ce ta haifi wata babbar sana'a a Turai da Amurka da Japan, watau sake buga tsofaffin fayafayan punk da na rok ɗin bayan fage, ta kuma haifi jama'a masu yawa waɗanda ba su da abin sha'awa kamar tara waɗannan sababbin bugu. A cikin sana'ar akwai ceton tarihi, akwai riba, akwai zamba, akwai kuma haƙƙin makaɗan da suka tsufa ba su ci moriyar guminsu ba.

MAFARIN KIƊAN

Kiɗan da Turawa ke kira punk reshe ne na kiɗan rok, mai jita da ganguna. Bambancinsa shi ne sauri, da gajarta, da kaushin murya, da rashin damuwa da gwaninta. Ya tashi ne a tsakiyar shekarun 1970, sa'ad da manyan makaɗan rok suka zama attajirai, suna waƙa guda ta minti ashirin a manyan filaye, talakan saurayi kuwa yana kallo daga nesa. A lokacin birnin New York ya kusa tsiyacewa, ta kai har a 1975 hukumarsa ta rasa yadda za ta biya bashi. A Ingila kuma tsadar kaya ta haura kashi 20 cikin 100 a shekarar nan, marasa aikin yi suka wuce miliyan ɗaya, a 1976 gwamnati ta je neman rance wurin Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya. Yaran da suka gama makaranta suka tarar da zaman kashe wando yana jiransu, su ne suka ɗauki jita.

A New York matattararsu wani ɗan kurkun gidan rawa ne mai suna CBGB, wanda Hilly Kristal ya buɗe a 1973 a unguwar Bowery. Daga nan ƙungiyar Ramones ta fito. Faifansu na fari ya fita a watan Afrilu na 1976, waƙa 14 cikin minti 29, kuma dala 6,400 kaɗai aka kashe wajen ɗaukarsa. A Ingila ƙungiyar The Damned ce ta riga kowa, da faifanta New Rose a watan Oktoba na 1976, sa'an nan Sex Pistols da The Clash da sauransu suka biyo. Can a birnin Brisbane na Ostareliya ma, ƙungiyar The Saints ta buga faifai 500 da kuɗin aljihunta a watan Satumba na shekarar.

Amma fa ba daga sama kiɗan ya faɗo ba. Tun a shekarun 1960 akwai waɗansu makaɗa da gidajen rediyo suka ƙi, manyan kantuna suka ƙyale, su ne ake kira 'yan bayan fage. Daga cikinsu akwai The Velvet Underground na New York, waɗanda faifansu na 1967 mai hoton ayaba a bango, zanen Andy Warhol, bai ko shiga cikin ɗari na farko a jerin ciniki ba. Akwai The Stooges da MC5 na jihar Michigan. Akwai kuma ɗaruruwan yara 'yan makaranta da ke kiɗa a garejin motar iyayensu, su buga faifai ɗaya, sa'an nan a neme su a rasa.

ME YA SA SUKA YI ƘARANCI?

Dalili na fari shi ne yawancinsu ba manyan kamfanoni suka buga su ba. Ƙungiyar Buzzcocks ta birnin Manchesta ta ranto kimanin fam 500 wurin 'yan'uwa da abokai, ta buga faifai 1,000 na Spiral Scratch a watan Janairu na 1977, da sunan wani ɗan kamfani da ta kafa da kanta. Da yara suka ga haka ta yiwu, sai kowane gari ya sami nasa. A birnin Washinton, a 1980, waɗansu samari suka kafa kamfanin Dischord da dala 600, suka buga faifai 1,000, su da kansu suka yanka kwalayen da almakashi, suka manne su da gam. Faifan da aka buga 500 ko 1,000 kusan rabin ƙarni da ya wuce, aka sayar wa yara masu ƙiriniya, mai karatu ya ƙiyasta nawa za su rage da lafiyarsu.

Dalili na biyu shi ne zuwan faifan CD a 1982. Kafin shekara goma kamfanoni suka juya wa baƙin faifai baya, masana'antu da yawa suka rufe, aka sayar da injunan a matsayin tsohon ƙarfe. Mutane suka riƙa kwashe fayafayansu suna kai wa 'yan gwanjo, waɗansu ma suka zubar a juji. Shi ya sa a 2002 wani ɗan Kanada ya tsinci wani faifai marar bango a kasuwar bakin titi a New York, ya saya a kan santi 75. Ashe faifan gwaji ne na The Velvet Underground na 1966, mai ɗauke da waƙoƙin da suka saɓa da waɗanda aka sani. A 2006 aka saye shi a kan dala 25,200, a 2012 kuma aka sake buga abin da ke cikinsa domin kowa ya samu.

MASU TONON TSOHUWAR AJIYA

Sake bugun nan ya girmi shi kansa punk ɗin. A 1972 wani marubuci kuma makaɗi mai suna Lenny Kaye ya tattaro waƙoƙi 27 na yaran gareji na tsakanin 1965 da 1968, kamfanin Elektra ya buga su a faifai biyu da sunan Nuggets. A bayanin da ya rubuta a bango ya yi amfani da kalmar punk, tun ba ta zama sunan da duniya ta sani ba. Faifan bai yi wani ciniki ba, amma ya faɗa hannun waɗanda suka dace, kamfanin Sire ya sake buga shi a 1976, daidai lokacin da sababbin ƙungiyoyi ke neman abin koyi. Watau dai tsohon kiɗa da aka tono shi ne ya yi wa sabon renon farko.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Jerin Pebbles ya fara a 1978, na Back from the Grave a 1983, sa'an nan a 1989 aka fara ganin jerin Killed by Death, wanda ya tattaro ƙananan fayafayan punk da ba wanda ya san da su, ba kuma tare da iznin masu su ba. Duk waƙar da ta shiga jerin nan, kuɗin faifanta na asali sai ya yi tashin gwauron zabo. Kamfanoni irin su Rhino da Sundazed da Numero Group a Amurka, da Ace da Cherry Red a Ingila, da Munster a Sifen, suka maida abin sana'a sosai: su nemi makaɗan, su nemi tef ɗin asali, su rubuta tarihin ƙungiyar, su sa hotuna. Kamfanin Munster ne a 2010 ya tattara waƙoƙin Los Saicos, samarin birnin Lima na ƙasar Peru, waɗanda tun a 1965 suke kiɗa mai kaushi irin wanda Landan ba ta ji ba sai bayan shekara goma.

LABARIN 'YAN'UWA UKU

Babu labarin da ya nuna amfanin sana'ar nan kamar na ƙungiyar Death ta birnin Detroit. 'Yan'uwa ne uku baƙar fata, David da Bobby da Dannis Hackney, 'ya'yan wani mai wa'azi, waɗanda suka tashi a garin da aka san baƙaƙen makaɗansa da sanyin waƙoƙin kamfanin Motown. Su kuwa sai suka kama kiɗan rok mai tsananin sauri, har maƙwabta suna ƙorafi. A 1975 suka ɗauki waƙa bakwai a wani ɗakin ɗaukar murya na garin. Manyan kamfanoni suka yi sha'awa, amma suka ce sai an sake sunan ƙungiyar, domin ma'anarsa mutuwa ce, ba kuwa mai sayen faifai da wannan suna. David, wanda shi ne babbansu, ya ƙi. Ciniki ya watse. A 1976 suka buga faifai 500 na waƙa biyu da kuɗinsu, gidajen rediyo ba su kula ba, daga baya suka bar garin suka koma jihar Vermont, Bobby da Dannis suka shiga kiɗan rege.

Kafin David ya rasu a shekarar 2000 ya damƙa wa Bobby tef ɗin, ya gargaɗe shi ya adana, domin wata rana za a zo nema. Tef ya yi ta kwanciya a saman rufin ɗaki. Ana nan sai masu tara faifai suka gano ɗan faifan nan na 1976, suka riƙa sayensa da ɗaruruwan daloli, har 'ya'yan Bobby suka ji waƙar a wurin abokai, suka gane muryar mahaifinsu. A watan Fabrairu na 2009 kamfanin Drag City na birnin Chicago ya buga waƙoƙin nan bakwai, shekara 34 bayan ɗaukarsu, a 2012 kuma aka yi fim a kan labarin. Masu rubuta tarihin kiɗa dole suka sake lissafi, domin ga baƙaƙen samari suna wannan kiɗa shekara guda kafin faifan Ramones ya fita. David dai bai ga ranar ba. Haka nan faifan Ramones na fari bai cika cinikin 500,000 a Amurka ba sai a 2014, sa'ad da uku daga cikin mutum huɗun da suka kafa ƙungiyar sun riga sun mutu, na huɗun kuma ya bi su a cikin shekarar.

YADDA AKE SAKE BUGU

Tushen aikin duka shi ne uwar tef, watau zaren da aka fara ɗaukar waƙar a kansa. Tef na shekarun 1970 da 1980 yakan tsotsi laima ya yi danƙo, in aka sa shi a inji haka nan sai ya saɓule, waƙar ta tafi har abada. Saboda haka akan gasa shi a wani irin tanda da ɗan zafi kaɗan, wajen digiri 50, na sa'o'i da yawa, kafin a juya shi. Daga nan gwanin sauti ya daidaita murya, ya sa inji mai allura ya sassaƙa ta a kan wani faranti mai laushi. Farantin nan ake shafa wa azurfa, a tsoma shi a ruwan ƙarfen nikel da wutar lantarki, a sami hatimi. Hatimin ake ɗaura wa injin bugu, a sa curin roba mai zafi a tsakiya, a matse, cikin rabin minti faifai ya fito.

Kowane mataki yana da hatsarinsa. Ran 1 ga watan Yuni na 2008 gobara ta cinye wani ɗakin ajiya na kamfanin Universal a Kalifoniya. Binciken da jaridar New York Times ta buga a 2019 ya ce uwar tef fiye da 100,000 suka ƙone, ko da yake kamfanin ya ce ɓarnar ba ta kai haka ba. A watan Fabrairu na 2020 kuma wata gobarar ta cinye masana'antar Apollo, wadda ita ke yin mafi yawan farantan sassaƙa na duniya, aka bar wata masana'anta guda a Japan da ɗawainiyar. In uwar tef ta ɓata, sai dai a nemi faifai mafi lafiya da ya rage a kwafa daga gare shi, ko a ɗauko daga CD. Mai saye kuwa ba kullum ake gaya masa ba.

Ko da tef yana nan, hannun gwani yakan sake waƙa. Faifan Raw Power na The Stooges, na 1973, David Bowie ne ya haɗa sautinsa, mutane suka daɗe suna kukan cewa ya yi siriri. A 1997 mawaƙin ƙungiyar, Iggy Pop, ya sake haɗa shi, ya ƙure ƙarar har tana fashewa, sai kuka ya koma wancan gefe. A 2010 aka maido da haɗin Bowie. Yau mai tara faifai yakan ajiye duka biyu, kuma in aka haɗu a kanti ana iya kwana ana gardamar wanne ne na gaskiya.

IDON MAI SAYE

Wanda ya shiga wannan sha'ani ba da sani ba, sayen kifi a ruwa zai yi ta yi. Abu na fari da gwanaye ke dubawa shi ne ɗan filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiyar faifai. A nan ake karce lambar hatimi, wani lokaci har da alamar gwanin da ya sassaƙa. Wani shahararren gwani na Landan, George Peckham, ya saba karce laƙabinsa na Porky a wurin, masu tarawa kuwa suna neman wannan alama. Lambar nan ita ke nuna bugu na nawa ne, a wace ƙasa, a wace masana'anta. Abu na biyu shi ne bango. Faifan da aka ce na 1977 ne, amma ga zanen layukan nan na kwamfutar kanti a bayansa, sabon bugu ne, domin layukan ba su yaɗu a bangon faifai ba sai wajen 1980. Jabu kuma yakan tona kansa da dusashen hoto da rubutun da ya yi kauri, saboda daga wani bangon aka ɗauko shi.

Akwai ma'aunin lafiyar faifai wanda mujallar Goldmine ta Amurka ta yaɗa, daga sabo fil, zuwa kusan sabo, zuwa mai kyau ƙwarai, har ya gangaro kan wanda ya ƙarje. Tsakanin mataki da mataki kuɗi yakan ragu da kusan rabi. Tun daga shekarar 2000 kuma akwai dandalin Discogs a intanet, inda masu tarawa suka jera miliyoyin fayafayai, kowane bugu da lambarsa da hotonsa da kuɗin da aka saye shi. Wannan ya rage wa 'yan zamba kasuwa, ya kuma kashe garaɓasa, domin yanzu ko mai gwanjon ƙauye ya san darajar abin da ke hannunsa.

Kamfanoni suna da nasu dabarun jan mai saye. Sukan rubuta cewa faifan mai nauyin giram 180 ne, ko mai launin ja ko kore, ko kuwa guda 500 kaɗai aka buga. Nauyi yana taimaka wa faifai ya zauna daram, amma ba ya gyara sautin da aka sassaƙa da mugun tushe. A watan Yuli na 2022 ta bayyana cewa kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, wanda ake sayen bugunsa da tsada bisa zaton daga uwar tef yake sassaƙawa kai tsaye, ya shekara da shekaru yana bi da sautin ta kwamfuta tukuna. Kamfanin ya amsa, ya nemi gafara, masu saye suka kai ƙara, aka sasanta a kan a maida musu kuɗi ko a ba su rangwame. Abin dariya a ciki shi ne, da yawa daga cikin masu alfaharin kunnensu yana rarrabe sautin kwamfuta sun daɗe suna yabon fayafayan nan ba su ji komai ba.

KURA DA SHAN BUGU

Kasuwar dai ta farfaɗo sosai. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta ce a 2022 an sayar da baƙin faifai miliyan 41 a ƙasar, CD kuwa miliyan 33, kuma rabon da baƙin faifai ya wuce CD a yawa tun 1987. A Ingila an sayar da miliyan 5.9 a 2023. Tun daga 2008 akan ware rana guda a watan Afrilu domin ƙananan kantunan faifai, a fitar da bugu na musamman, mutane su yi layi tun da asuba. Amma kafin la'asar sai a ga fayafayan a intanet da ninkin kuɗinsu, domin 'yan kan-ta-waye sun shiga layin. Masana'antun bugu kuma ba su da yawa, mafi girmansu ita ce GZ Media ta Jamhuriyar Cek, saboda haka in manyan kamfanoni suka cika su da aiki, ƙaramin kamfani sai ya yi watanni yana jira.

To, a cikin wannan kuɗi nawa ke isa ga makaɗin? Samarin 1977 da yawa sun sa hannu a takardun da ba su karanta ba, waɗansu ba su sa hannu a komai ba, kamfanin da ya buga su ya mutu, tef ya bi hannun wanda ya sayi kayan gwanjonsa. Su kansu Sex Pistols sai da suka yi shari'a da manajansu Malcolm McLaren, a 1986 suka karɓo ikon waƙoƙinsu da kuɗi wajen fam miliyan ɗaya. Ƙungiyoyi da dama sun yi ta ja-in-ja da kamfanin SST na Kalifoniya kafin su karɓo tef ɗinsu. Mai bugun sata kuwa ba ya biyan kowa ko anini. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dokar Amurka ta 1976 ta ba mai waƙa damar neman haƙƙinsa ya komo bayan shekara 35, a kan ayyukan da aka yi daga 1978, Tarayyar Turai kuma a 2011 ta ƙara wa'adin haƙƙin faifai daga shekara 50 zuwa 70, amma bin wannan hanya sai da lauya, lauya kuwa sai da kuɗi.

Akwai masu riƙon amana. Kamfanin Dischord yana raba riba biyu da makaɗansa, yana kuma ci gaba da buga tsofaffin fayafayansa da araha, don kada dillalai su sami abin riƙewa. Saboda haka masu tarawa na ƙwarai sukan tambayi abu uku kafin su zaro kuɗi: da iznin wa aka buga, daga wane tushe aka ɗauko, kuma wa ya sassaƙa.

GARDAMAR DA BA TA ƘARE BA

Akwai waɗanda ke ganin sana'ar gaba ɗaya cin amanar punk ce. Hujjarsu ita ce kiɗan nan na marasa galihu ne, har ƙungiyar Crass ta Ingila takan buga iyakar farashi a bangon faifanta don kada mai kanti ya ƙara. Yaya za a maida shi akwati mai ƙyalli na fam ɗari, wanda sai mai albashi mai tsoka ke iya saye? A 2015 har wani banki a Ingila ya fitar da katin bashi mai hoton faifan Sex Pistols. Ran 26 ga watan Nuwamba na 2016, ranar da faifansu na fari ya cika shekara 40, Joe Corré, ɗan Malcolm McLaren da Vivienne Westwood, ya loda tufafi da takardu da sauran kayan tarihin punk a jirgin ruwa a Kogin Thames ya cinna musu wuta, kayan da aka ƙiyasta a kan fam miliyan 5, domin nuna fushinsa ga yadda hukuma ta rungumi bikin.

Masu tarawa kuwa suna cewa sabon bugu shi ne abokin talaka. Wanda ba zai taɓa riƙe faifan fam 10,000 ba, yana iya sayen na fam 20 ya ji waƙar nan dai. Da an bi ta Joe Corré, in ji su, da tef ɗin 'yan'uwan Detroit ya ruɓe a saman rufi, da kuma har yau ana koya wa yara cewa kiɗan na Turawa ne kaɗai.

RABON NIJERIYA

Guguwar nan ta iso ƙasar nan ma. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 samari a Legas da Aba da Enugu sun kafa ƙungiyoyin rok masu zafi, irin su The Funkees da BLO, da kuma Ofege, 'yan makarantar St Gregory ta Legas, waɗanda faifansu Try and Love ya fita a 1973. A shekarar nan ne Paul McCartney ya zo Legas ya ɗauki faifansa Band on the Run a ɗakin kamfanin EMI. Daga baya yayi ya sake, satar kaset ta karya kasuwa, manyan kamfanonin waje suka sayar da rassansu suka fice, uwar tef da yawa suka salwanta. Sai ga dillalai daga Turai da Amurka da Japan suna bin kasuwanni da tsofaffin shaguna suna saye da araha. A 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da Nigeria Rock Special, a 2016 kuma kamfanin Now-Again na Amurka ya fitar da Wake Up You! kashi biyu, tare da tarihin da ɗan Nijeriya Uchenna Ikonne ya bi makaɗan ya rubuta. A Jamhuriyar Nijar ma, kaset ɗin da Mamman Sani ya ɗauka a 1978, mai kiɗan da jama'a suka saba ji a gidan rediyon Yamai, kamfanin Sahel Sounds ya sake buga shi a faifai a 2013.

Saboda haka duk wanda ya gaji akwatin fayafayai a gida, kada ya yi gaggawar ba yara su yi wasa da su, ko ya sallama wa mai gwangwan a kan kuɗin goro. A jera su a tsaye kamar littattafai, kada a ɗora wani kan wani. A nisanta su da rana da ɗakin kwano mai zafi, domin roba ce, tana lanƙwashewa. A rufe su daga ƙurar hunturu, a riƙe su ta gefe, a kuma adana bangon, domin sau da yawa rabin darajar a jikinsa take. Gidajen rediyo da hukumomin adana tarihi su ma ya kamata su leƙa ɗakunan ajiyarsu tun gara da laima ba su gama aikinsu ba, su kwafe abin da ya rage, su kuma nemi makaɗan da ke raye ko magadansu kafin baƙo ya riga su zuwa ƙofar gidan.